Kada Ka Sauka Daga Kan Ƙyaure

A gidanmu na Dudunni, lokacin tatsuniya damina ce. Da an idar da magariba an ci tuwo, in hadari ya haɗo, sai mu jikoki mu tattaru a ɗakin girkin kakarmu, Iya Yalwa. Takan jera ɗanyar masara a bakin garwashi, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika, kuma ni take fara miƙa wa masara, wai kada mijinta ya kwana da yunwa a yi da ita a gari.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai ɗaya da ba ta yi sai ranar da ruwa ya tsuge har muna jin rurin rafin bayan gari.

"Ga ta nan tahe da jiƙaƙƙen zane," in ji ta. "Wa zai buɗe mata?"

"Mu ne, Iya," mu amsa, muna matsowa kusa da wuta.

Wai wasu 'yan mata ne biyu, Hanne da ƙanwarta Ladi. Uwarsu ta tafi biki wani ƙauye, sai ambaliya ta zo ta cinye gidansu. Abin da suka samu suka ɗafe shi ne ƙyauren ɗaki. Da gari ya waye babu ƙasa ko ta ina, sai kawunan itatuwa. Suna nan a kan ƙyauren, sai wata murya ta taso daga cikin ruwan. A nan Iya kan rage murya, ta mai da ita mai laushi, irin wadda ake lallashin yaro da ita.

"Hanne, Ladi, ku sauko. Ruwan iya gwiwa ne. Ga ni nan, na dama maku fura."

Hanne ta ce muryar Inna ce. Ladi ta ce, "Inna tana hayin ruwa, mi zai kawo ta tsakiya?" Amma hannuwan Hanne sun gaji da riƙo, ga kuma wata tsamiya da take hange, kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ta biyu.

"Ruwan ko motsi bai yi ba," in ji Iya. "Ya dai rufe."

Ladi ta kamo wata gorar jinka da ruwa ya kawo, ta kafa ta a tsagar ƙyauren, ta ɗaura zanenta a jiki. Iska ta cika zanen, ƙyaure ya fara tafiya. Muryar ta biyo ta, yanzu har da ta Hanne a ciki, suna kiran sunanta. Ba ta waiga ba, har ƙyauren ya dangana da wata gaɓa inda matan Fulani ke wanke ƙorai, suka jawo ta.

"Hanne fa, Iya?" Ni ne kullum mai tambayar.

"Ci masararka, maigida. Tatsuniya ta tahi, ta bar mamu zanenta mu shanya."

Ban taɓa iya cinye masarar wannan dare ba. Na tashi ina tsoron ruwa fiye da maciji. Tsararrakina su tafi wanka kududdufi, ni in zauna nesa ina gadin riguna. Ko da na tafi makaranta Kankia, in rafi ya kawo, gara in kwana a hayi da in tsallaka.

Sai ga shi abinci ya kai ni bakin ruwan da ya fi kowanne. Na koyi gyaran inji, na samu aiki a Legas, a wani wurin da ake ba da hayar jiragen wasa a gefen tabkin da ke haɗe da teku. Cikin kayan wurin akwai wani dogon allo mai sanda a tsakiya, da babban ƙyalle na roba a jikin sandar. Mutum kan tsaya a kan allon, ya ɗago ƙyallen da igiya, iska ta tura shi. Shugaban wurin ya ce duk ma'aikacin da bai saba da ruwa ba, ya nemi wani aikin. Ga ni da iyali. Mai koyarwar wani ɗan Yawuri ne, Bala, wanda ya girma a cikin kwalekwale.

"Bakatsine, sa rigar nan, ita ke hana nutsewa," ya ce. "Ba wa iska baya. Sanda tsakanin ƙafafunka. Ja igiyar da gwiwa, kada ka ja da ƙugu. Kuma daina kallon ƙafarka, dubi inda za ka."

Na sha faɗuwa a ruwa iya ƙirji, na sha gishiri har na daina tofarwa. In iska ta fi ƙarfina, ya yi tsawa in saki hannun baya. A hankali na fara tsayawa.

Wata ranar da la'asar, Bala yana can yana fama da wasu baƙi, na ɗago ƙyallen, iska ta kama shi, allon ya miƙe da ni sumul. Daɗi ya ɗebe ni. Ban lura iskar ta juya tana busowa daga tudu ba, ga shi juyowa ban gama koya ba. Na gwada, na faɗi. Na hau, na ja igiya, na sake faɗuwa. Na yi ta yi har hannuwana suka mutu. Da na ɗaga kai, mutanen gaɓa sun koma kamar ƙudaje, ruwan ƙarƙashina ya yi baƙi, yana jana wajen da tabkin ya haɗu da teku. Na yi kira, iska ta tafi da kiran gaba.

A nan na ji ta. Ba daga ruwa ta fito ba, cikin kaina take, kuma da muryata. Sauka ka yi iyo, ai kusa ne. Allon nan shi ke tafiya da kai. Ga riga a jikinka, me zai same ka? Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Har na zura ƙafa ɗaya, sanyin ruwan ya kama ni zuwa cinya, sai na ji Iya tana cewa ya dai rufe. Na janye ƙafar, na kwanta rub da ciki, na rungume allon, ina salati ina ɗaga hannu ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba kafin in ji ƙarar inji. Bala ya jawo ni cikin jirgi, fuskarsa babu dariya.

"Allon na hango, ban hango ka ba," ya ce. "Da ka sauka, kan mutum a ruwan nan kamar ƙwallon goruba yake. Ina zan neme ka?"

Iya ta rasu tun kafin in taka Legas, kuma na tabbata don ta hana mu zuwa rafi take ba mu labarin nan. Ina yaro, Hanne nake gani wawuya, mai biye wa muryar da kowa ya san ƙarya ce. Tun ranar nan ban ƙara ganinta haka ba. Gajiya ce ta yi mata magana, ta kuma zaɓi muryar da ta fi so a duniya. Yanzu ina hawa allon, har ina juyowa, amma ban taɓa shiga ba tare da na duba inda iska ta dosa ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Da na yi wa 'yata tatsuniyar ta tambaye ni ina Hanne ta tafi, ban ce mata ta ci masara ba. Na ce mata Hanne ta gaji ne, kuma ba ta da laifi.