Kande, Hari

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin Nasara ba su daɗe da kafa bariki a Gaya ba, na taso daga ƙauyenmu na wajen Karakara na nufi Gaya da molo a kafaɗa. Burina ɗaya ne, wani tsohon makaɗi ya karɓe ni in koyi kiɗa a hannunsa. An ce ya sha korar samari. In ya kore ni, sai dai in koma gonar gero ana yi mini dariya, don na riga na cika baki a gida.

Tsohon bai ko dubi molon ba. Ya ce, "Wanda bai taka gari ba, me zai kaɗa? Biyo ni, yaro."

Muka kama yawo a ƙasa. Ya nuna mini zanen jikin wani tsohon zaure, da tambarin yaƙi wanda fatarsa ta tsattsage, sannan ya kai ni guntun ganuwar da ta rage. Nan ya ba ni labarin hare-haren da, yadda mahaya kan auka wa gari da rana tsaka su kwashi mutane. Ni kuwa bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Baba, da ina nan lokacin, da sun gane kurensu."

Ya ce, "Haka ne."

Daga nan muka gangara marina, ga ramukan baba cike. Wata dattijuwa ta gan mu cikin rana, ta juya cikin gida ta ɗaga murya: "Kande hari!"

Ban san ko kalma ɗaya ta Dendi, yaren mutanen garin, ba. Abin da kunnena ya ji shi ne, ana gaya wa Kande hari ya iso. Ban tsaya neman Kande ba, ita ta san ta kanta. Na yi tsalle ɗaya sai ga ni cikin rami, baba har wuya.

Shiru, ba doki, ba mashi. Sai wata yarinya ta fito da ƙwaryar ruwa ta durƙusa gaban tsohon. Ya sha, ya goge baki, ya leƙo.

"Jarumi, a bakinsu kande hari na nufin kawo ruwa. Kai dai ka je ka same shi da kanka."

Marina suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na tabbata an gama da ni. Sai na ga ba fuskata yake kallo ba, hannuwana yake kallo. Ashe molon yana sama da kaina, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Ya ce, "Fito. Matsoraci ne kai, amma ba ka bar molo ya jiƙe ba. Gobe ka zo da sassafe."

Na daɗe ina yawo shuɗi kamar sabon rawani. Yanzu na ji Dendi sarai, na kuma gaji kiɗan tsohon, ina kewarsa har yau. Amma in ƙishi ya kama ni a gidan mutanen Dendi, randa kawai nake nunawa da hannu.