Malam Dakata da Ambulan Ɗari Uku

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa, masu shara ba su ma gama ba. Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, babu taga, fanka ɗaya ce kuma kuka take yi. Zai rataye hularsa a ƙusa, ya kunna na'urori, ya zauna jiran wanda zai fara kwaɓa abinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kula da kwamfutocin ma'aikatarmu, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Malam Dakata muke ce masa, don duk wanda ya faɗo masa a guje, kalmar da zai fara ji ke nan.

Ni mai kula da sito ne, kuma ban iya yabon mutum ba, matata shaida ce. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Kwamfutocinmu a kulle suke ta ciki, ko ɓarawo ya ɗauka ba abin da zai karanta. Kowace tana da lambar ceto, lambobi arba'in da takwas, da ake buɗe ta da su idan ta ƙi mai ita. Shi sai ya buga lambar a takarda, ya liƙe a ambulan, ya rubuta lambar jikin kwamfutar a baya, ya sa a akwatin ƙarfe. Mun daɗe muna masa dariya. Direbanmu ya ce gidan waya ya kamata a kai shi aiki.

Wata Litinin Maman 'Yan Biyu, mai zana mana taswirar bututun ruwa, ta dawo daga jinyar mijinta ta mako shida. Ta zauna gaban kwamfutarta, kalmar sirri ta ɓace mata fes. Ta gwada sau uku. Sai muka yi abin da muka saba yi a ofishin nan, muka kewaye ta da taimako.

"Gwada sunan yaran mana!" in ji sakatariya.

"A'a, ranar aurenki kika sa, ni na san ki," in ji akawu.

Kowa ya miƙa hannu ya buga nasa. Ni na buga na goma, da yatsa ɗaya, har ina cewa, "Matsa ki gani." Allon ya canza, ya ce sai lambar ceto.

Zanen wata goma sha ɗaya ne a ciki, babu kwafi ko'ina, ranar Alhamis kuma za a miƙa shi. Dama tana da takardar gargaɗi a kan yawan fashin aiki. Shugaba ya faɗa a gaban kowa cewa in zanen ya salwanta, ta tattara nata ya nata.

Malam Dakata ya hawo da ambulan, aka buga lambar, ta ƙi. Ashe bara an canza wa kwamfutar murfin ƙasa da na wata kwamfutar da ta mutu, lambar jikinta ta gaskiya ta bi tsohon murfin zuwa bola.

"Goge ta kawai a huta," in ji shugaba.

"Ranka ya daɗe, gogewa aikin minti ashirin ne, ko ranar Alhamis zan iya. A ba ni kwana biyu."

Allon yana nuna wata 'yar alama mai harafi takwas, irinta kuma tana saman takardar da ke cikin ambulan ɗin da ya dace. Sai dai ambulan sun haura ɗari uku. Muka ce mu taya shi buɗewa, ya ce a'a, kowanne sirrin wani ne. Ya buɗe, ya duba, ya sake liƙewa, ya sa hannu, ya ɗauki na gaba. Laraba da rana ya samu, a na ɗari biyu da goma sha huɗu.

Bai taɓa madannan ba. Yana karanto lamba shida shida, ita tana bugawa. Sau biyu tana kuskure, yana cewa, "Ba komai, ƙanwata, mu koma farko." A na uku ta buɗe. Da za ta sa sabuwar kalma ya juya fuskarsa ga bango, kuma bai bar ta ta tashi ba sai da ta kwafe zanen wuri biyu.

Shugaba ya nemi sunayen waɗanda suka yi wa na'urar karambani. Rahoton da Malam Dakata ya ba shi layi ɗaya ne: an buɗe, ba a rasa komai ba. Ni kuwa mako guda ina zagaye matakalar nan don kunya. Ranar da muka yi kaciɓus abin da ya ce kawai shi ne, "Mai sito, yatsan nan naka a bar shi wa kwalaye."

Malam, kai ne mai riƙe sirrin mutum ɗari uku ba tare da ka leƙa ko ɗaya ba. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai albarka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi jinkirin nan kafin ku danna gogewa, don ba ku san abin da ke rataye da na'urar ba. Mijin Maman 'Yan Biyu bai tashi daga ciwon nan ba, bayan wata huɗu ya rasu. Aikin da aka so raba ta da shi ne yake riƙe da gidan yau.