Ciwon Saje Haggai da Ba a Samo Sunansa Ba

Saje Haggai na unguwar Rikoto a Zuru ya ajiye kakin soja a 2001, bayan ya dawo daga Saliyo ko ƙwarzane babu. Ya sayi babur yana ɗaukar fasinja tsakanin Zuru da Kanya, da damina kuma ya faɗa gonarsa ta dawa. Mutum ne mai tsafta da son waƙa, shi ke jan baiti a ƙungiyar maza ta cocinsu.

Wajen 2004 ƙafafunsa suka fara saɓa masa. Ya riƙa tangaɗi a hanya, harshensa ya yi nauyi. Fasinjoji suka guje shi, aka ce burkutu ce, alhali bai taɓa kai ta baki ba. Abin da ya fi ci masa rai, haka aka yi ta faɗa a kan mahaifinsa da wansa Talle har suka mutu.

'Yarsa Joyce ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Sakkwato. Ita ta kai shi wurin Dakta Zakiyyu, likitan jijiyoyi, wanda ya ce ciwon gado ne. Aka gwada ire-iren ciwon da aka sani, babu wanda ya dace. A 2008 likitan ya ɗebi jininsa ya aika wa abokan bincikensa a Turai, waɗanda suka samu sabon injin karanta DNA, wato rubutun halitta da mutum ke gada daga iyayensa.

Jiran nan ne ya riƙe Haggai. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Jinina yana Turai. Za su faɗi sunan abin, kowa ya ji."

Da sakamako ya zo a shekarar da ta biyo, Joyce ta tallabe shi har ofishin likita.

"Baba," in ji Dakta Zakiyyu, "injin ba ya karanta rubutun a miƙe. Sai an daddatsa shi, kowane guntu harafi talatin da 'yan kai, sannan kwamfuta ta haɗa su inda bakinsu ya dace. To wurin da muke zargi, haruffa ƙalilan ne ke ta maimaita kansu, har tsawonsu ya zarce guntun da injin ke iya karantawa. Guntayen duk sun zama iri ɗaya. Ba a san na gaba ba, ba a san na baya ba."

"Tsohon injin fa?" Joyce ta tambaya.

"Ya fi karanta mai tsawo, amma shi ma bai ƙetare wurin ba. Sai dai in an ƙero wanda ya fi su."

Haggai ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin magana ta fito.

"Likita, ni na gama. Yarana fa? Joyce za ta kamu?"

"Ban sani ba, Baba. Allah Ya kiyaye."

Suka koma Zuru. Daga nan ya daina fita ƙofar gida. Matarsa Larai ke dama masa kunu tsararo ta ba shi da cokali, don haɗiya ta fara gagarar sa. Ya rasu da kaka, dawarsa na tsaye a gona. Tsofaffin sojojin Rikoto ne suka ɗauki gawarsa, su ne kuma suka girbe wa Larai gonar.

Joyce ta gaya wa Dominic, wanda zai aure ta, duk abin da likita ya ce. Ya ce ya ji ya gani. Dangin Dominic suka ce a dakata da auren tukuna, kuma ba su sake tayar da maganar ba.