Fuskar Matar Kawu a Ledar Sabulu

Kawuna mai fenti ne. Shekara talatin yana rubuta sunayen shaguna da lambobin gidaje, har aka laƙaba masa Burushi. Ba shi da yawan magana, matarsa ce ke yi musu su biyu.

Da ta rasu, ya roƙi mai gidan burodi bangonsa da ke kallon titi. Sati uku yana kan tsani. Ya zana ta tana shanyar wanki, tana dariya, har da wushiryarta. Masu wucewa kan tsaya su ɗauki hoto.

Bayan shekara biyu na shiga kanti, sai na gan ta a jikin ledar garin sabulu. Sun toshe wushiryar, sun haska fatarta, sun yanke gefen da ya sa hannu. Na saya na kai masa. Ya daɗe yana juya ledar.

"Wa ya tambaye ta?" ya ce.

Na raka shi ofishin kamfanin, hawa na shida. Muka wuni a benci kafin wani matashin manaja ya fito.

"Baba, ai bangon titi na kowa ne. Kana da takarda?"

"Matata ce, ɗana."

"Allah ya jiƙanta. Ka ga yanzu ƙasa duka ta san ta."

Ya sa aka ɗauko mana katan guda na sabulun. Kawu bai taɓa shi ba. Lauyan da muka gani daga baya ya gaya mana gaskiya: Kawu na da hujja, amma shari'ar sai ta ga bayansa.

Abin da ya fi cinsa shi ne ledojin. A kwata, a bola, a ƙarƙashin tayar mota. Da farko yana tsincewa yana wankewa, har ya cika buhu biyu a bayan ƙofa. 'Yarsa ta yi kuka ta ce mutane sun fara cewa ya taɓu, sai ya daina.

Wata safiya ya ɗauki bokitin farin fenti ya shafe bangon. Mai burodi ya fito yana faɗa, wai ya kore masa masu ciniki. Kawu ya ci gaba da shafawa har ya gama shafi na biyu.

Sabulun na nan a kasuwa. Kawu kuwa yanzu yana bin wani ɗan kwangila, suna fentin gefen titi, baƙi da fari. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, amma bai yarda ya zauna a gida ba.