Usur Na Biyu

Shekarar da aka ce kowane ƙauye ya ba da yaro ɗaya makarantar boko, ni aka ɗauko daga Dangamaji. Aka kai ni elemantare ta Jega, aka ajiye ni gidan wani bafaden hakimi tare da wasu yara huɗu. Ba a barin mu zuwa gida sai hutu, don an san wanda ya je ba ya dawowa.

A shekara ta biyu aka kawo mana sabon malami, dogo, wanda ya yi sikawut a inda ya yi karatu. Duk Laraba bayan la'asar sai ya tara mu a fili, ya ɗaura mana jan ƙyalle a wuya, ya koya mana fareti da ƙullin igiya da hura wuta da ashana ɗaya. Dokarsa babba ita ce usur. In ya busa na farko, kowa ya ƙame inda yake, ba waige, ba magana, ko ƙuda ya sauka maka a ido, sai ya busa na biyu. Yakan ce wanda bai iya riƙe ƙafarsa ba, ba zai iya riƙe zuciyarsa ba.

Wata Laraba ya busa na farko, sai masinja ya zo ya ce babban malami na kiransa. Ya tafi ya bar mu a tsaye.

Ina fuskantar darni, sai na hango jakuna uku ɗauke da albasa, da mutum a bayansu. Tun daga tafiyarsa na gane Baba ne. Wata huɗu rabona da shi. Ya tsaya, ya leƙo ta saman darnin, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina.

"Kai yaro," ya ce. Ba ya kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Taho mana. Ni na."

Ƙafata ta motsa da kanta, na mayar da ita. Malam ba ya nan, ba wanda zai doke ni. Amma na kasa.

"Ba ka ji ba? Mi as same ka?"

Hawaye suka gangaro har cikin bakina, ban share ba. Abokan tafiyarsa da suka yi gaba suka yi ta kiransa, za su wuce Aliero kafin rana ta faɗi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya rataya ƙullin dakuwa a kan darnin, ya kora jakunansa.

Da Malam ya dawo ya busa na biyu, na ruga bakin hanya. Babu kowa sai sawun jakuna. Na ciro ƙullin daga kan darnin.

Yara suka ba Malam labari. Ya fito da ni gaban layi, ya dafa kaina, ya ce daga yau ni ne shugaban rukuninmu, kowa ya yi koyi da ni. Suka tafa. Ni dai ina riƙe da ƙullin.

Da hutu ya zo na tarar da Baba yana ban ruwa a lambu. Na durƙusa na fara yi masa bayanin dokar. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini ƙwarya.

"To, ja ruwa," ya ce, "in sun yarje maka."

Na ja ruwa har magariba. Bayan kwana goma dogari ya zo ya mayar da ni Jega.