Turaren da Ya Tashi a Jakata

Ƙamshin mangwaro ya jawo min masifa yau, 'yan'uwa ku cece ni!

Wata biyu ke nan na bar sigari na koma ƙaramin vape, wato sigarin lantarki, Mama ba ta san da ko ɗaya ba. Jiya na sayi babba mai tanki da ruwa mai ƙamshin mangwaro, ban tsaya an koya min kashe shi ba. Yau a gidan suna a Tottenham na jingina da jakata yana ciki, maɓallin ya dannu. Sai ga farin hayaki yana tashi a hankali kamar gajimare.

Hajiya mai gidan ta shaƙa ta ce, "'Yata, wane turaren wuta ne wannan?"

Na ce, "Kaskon caji ne, Hajiya, sabon yayi."

Mama ta ce, "Shi ne kika ɓoye min? In mun koma ki turara min mayafaina."

Duk mai sayen babba, don Allah ta fara koyon kulle shi: sau biyar ake dannawa.

Yanzu na kulle kaina a banɗaki, Mama na ƙofa da mayafai. Sai ɗazu ƙanwata ke gaya min, Mama ta yi wa mata huɗu alkawarin zan sayo musu irinsa.