A Bayan Makarar Baba

Ƙibar a zaune ta same ni. Tun da na buɗe shagon atamfa a Talata Mafara na kuma sayi babur, tafiyata ba ta wuce daga benci zuwa masallaci. A wajenmu kuwa ƙiba ba ciwo ba ce, shaidar samu ce. Duk wanda ya gan ni sai ya ce hutu ya karɓe ni. Baba ma, in na je Morai gaishe shi, yakan dafa cikina ya yi dariya ya ce, "Wagga teɓa, ai ko manyan 'yan kasuwar Bakura sai haka." Ni ma daɗi nake ji.

A hankali takuna ya gajarce. Ƙafafuna suka buɗe don cinyoyi su samu hanyar wucewa, hannuwana suka yi nesa da jiki, ina tafe ina rangaji kamar agwagwa. Takalmana suka riƙa cinyewa ta gefe guda. In na sauko daga dakali, gwiwa ce take fara sanar da ni. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ba inda nake sauri.

Baba ya rasu damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo. Aka yi masa salla a ƙofar gida. Gawa ba a jan ƙafa da ita. Da an ɗaga makara sai sauri, wannan ya karɓi wancan, ba a tsayawa. Ni ne babban ɗansa, kuma abu ɗaya nake so ranar: in sa kafaɗata a ƙarƙashinsa, ko da taku kaɗan ne. Lokacin da aka ɗaga, masu gaisuwa sun riƙe mini hannu. Na ce ba komai, zan karɓa a gaba.

Hanyar maƙabarta siririya ce, ta ratsa gonaki, ga rairayi ya sha ruwa. Inda wasu suka taka suka wuce, ni sai ƙafata ta nutse, sai na zaro ta kafin in jefa ɗayar. Na ga makarar tana lilo a saman kawuna, tana ƙara nisa. Na ɗage riga na gwada gudu. Jikina ya tafi gaba, ƙafafun suka ƙi biyo shi, kowace dira kamar an sauke mini buhu a gwiwa. Numfashina ya koma shaƙuwa. Kawuna, tsoho mai dogara sanda, ya zo ya wuce ni.

"Taho sannu, ɗana," in ji shi, "kak ka hwaɗi ka ƙara muna wani aiki."

Daga nan gero ya rufe su. Na ɗan riƙa jin salatinsu, can kuma na daina ji. Na tsaya na dafa gwiwoyi ina kallon tururuwa suna jan ƙwaro a gefen kunya. Ban yi kuka ba. Babu abin da nake ji sai cinyoyina da suka saɓule suna zafi.

Da na isa, an jera itace, an liƙe da laka, an tura ƙasa, har an shafa fatiha. Mutane suna karkaɗe hannu suna juyowa. Suka riƙa miƙo mini hannu, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Da godiya." Bakina ne kawai yake aiki.

Ƙanena ya dube ni, ya ga zufar da ta jiƙa mini riga. Ya nuna mini gefen makarar da za a mayar gida.

"Yaya, kama nan."

Na kama na aza a kafaɗa. Babu kowa a kanta, sai tabarma mai laima. Duk da haka sai da suka rage sauri saboda ni.